Ranar da Na Kwashe Tabki Zuwa Argungu

Shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, maigidana yana cikin ma'aikatan da aka ce su tattara su koma gida. Muka iso Birnin Kebbi da kayanmu a bayan babbar mota, muka tarar garin bai shirya wa baƙin da suka auko masa ba. Gidan haya ya koma abin nema da roƙo. Akwai manyan ma'aikata da ke shimfiɗa tabarma a ofis, iyalansu na can Sakkwato suna jiran ranar da za a samu ɗaki. Mu dai mun yi sa'a, muka samu ɗaki biyu da ɗan tsakar gida a ƙarshen Gwadangaji, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara.

Ni malamar ilimin halittu ce. Aka tura ni wata makarantar 'yan mata da ba ta da ɗakin gwaji, sai allo da alli da wani littafi da hotunansa suka koɗe. A cikinsa akwai dabbobin ƙanƙara da itatuwan da ɗalibaina ba za su taɓa gani ba.

Bayan gidanmu kuwa akwai wani tabki. Ba babba ba ne. Da damina yakan cika ya haɗe da ruwan fadama, da rani ya janye ya bar baƙar laka mai tsagewa, amma tsakiyarsa ba ta ƙafewa. Ni 'yar Argungu ce, 'yar masunta, a bakin ruwa na buɗe ido, saboda haka ranar da na fara ganinsa na san ba ruwan banza ba ne. Bado ya rufe rabinsa. Akwai kifaye irin su gargaza da tarwaɗa da kurungu, akwai gaiwa a cikin laka, ga kififiya suna shan hantsi a kan wani kututture. Da yamma tsuntsayen kirinjijiya ke sauka garke-garke. Wata safiya har gauraki na gani suna takawa a gefen ciyawa, tsuntsayen da tun ina yarinya ake cewa sun fara wuyar gani.

Sai na mai da tabkin ɗakin gwajina. Nakan kwaso aji guda mu tako a ƙasa, kowace da kwalbarta. A nan suka ga talibambam yana fitar da ƙafa, a nan suka gane cewa sauro ma yana da masu cinsa. Wata da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba ta riƙe kififiya da hannunta, ta yi kwana da kwanaki tana ba ƙawayenta labari.

Wata rana da sanyin safiya na tarar an kakkafa turaku masu jan fenti, sun zagaye tabkin kaf.

Na san wanda zan tambaya. Yayan maigidana babban ma'aikaci ne a ofishin da ke rabon filaye. Shi ya riƙe maigidana bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sa shi makaranta, shi ya je Argungu neman aurena. Duk gidan Yaya muke kiransa. Ba mugu ba ne, kuma ba jahili ba ne. Tun yana ɗalibi, lokacin da aka ce mutum ya taka duniyar wata, sararin samaniya ya shiga ransa bai fita ba. Mujallun kimiyya na zuwar masa ta gidan waya, yakan karanta su har su tsufa a hannunsa. Idan ya fara zancen taurari, tuwonsa kan huce a gabansa.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gidansa ake cin abinci. Al'ada ita ce mu mata mu kai kwanuka zaure mu juyo. Rannan na ajiye tuwon shinkafa da miya, na durƙusa na gaishe su, amma ban tashi ba. Maigidana ya dube ni. Na yi kamar ban gani ba.

Na ce, "Yaya, gaskiya ne za a cike tabkin bayan gidanmu?"

Ya ce, "Gaskiya ne, Malama. Gidajen ma'aikata za a yi a wurin."

Na fara lissafa masa abin da ke cikin ruwan. Ya bar ni na gama, har da gyaɗa kai, sannan ya wanke hannu ya gyara zama.

Ya ce, "Ki saurare ni da kyau. Duniyag ga cika take yi. Ko ba mu cike wanga tabki yau ba, jikokinmu za su cike shi gobe. Masu ilimin da sunka hango haka ba su tsaya kuka a bakin kududdufi ba. Shiri suke su ɗauki irin tsirrai da ƙwan dabbobi su kai wata duniya, Mars ko wata, su yi musu gida ƙarƙashin gilashi, inda babu gatari, babu fari, babu yaƙi. Yanzu haka akwai mutanen da aka kulle cikin wani ƙaton gidan gilashi a hamada, da itatuwansu da kifinsu, ana gwada ko za su rayu. Can ne za a ajiye halittun Allah su tsira. Nan kuwa mutane na kwana a ofis."

Na ce, "To wa zai zaɓi wanda zai hau kumbon? Gaiwar Gwadangaji tana cikin waɗanda za a ɗauka?"

Baƙin da ke zauren suka fashe da dariya. Na ce musu ni ba wasa nake ba. Na ce wanda bai iya barin kwaɗo ya rayu a bayan gidansa ba, ban ga yadda zai yi dawainiyar kai shi sama ba. Maigidana ya sunkuyar da kai, kunnuwansa kamar za su kama da wuta. Yaya bai yi fushi ba. Cewa ya yi in zo ofis ranar Litinin mu yi magana irin ta masu ilimi.

Na je. Kafin ya ce komai, sai ya zagaya da ni bayan ofishin ya nuna mini wani ɗakin ajiya. A ciki wani akawu ne ke zaune da matarsa da jaririnsu, an raba ɗakin da zane, tukunya na kan murhu a bakin ƙofa. Matar ta gaishe ni tana ɓoye fuska don kunya. Wannan ya taɓa ni, kuma Yaya ya san zai taɓa ni. Na ce masa ban ce kada a yi gidaje ba, amma ga tudu can gabas, fili fetal, sai ƙaya da geza. Ya ce tudun yana da masu shi, tabkin kuwa ba na kowa ba ne, kuma an riga an sa hannu.

Na ce, "Ba na kowa ba ne saboda masu shi ba su iya zuwa ofis."

Ya yi murmushi ya raka ni har bakin titi.

A hanyar gida na yanke shawara. Tunda ba za a bar su a gidansu ba, zan kwashe abin da zan iya in kai su Argungu. Mahaifina yana da gona a fadama, kuma a ƙasanta akwai wani tabki da ba ya ƙafewa.

Na je Argungu na same shi a gindin mangwaro yana ɗinkin homa, ragar da ake kamun kifi da ita da hannu. Na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya ɗago kai ya dube ni.

Ya ce, "Ɗiyata, ni kihi nika kamawa in kai kasuwa. Ban taɓa kama shi in kai shi wani ruwa ba. Ban san ko shina yarda."

Na ce, "Baba, in an bar su can, ƙasa za a zuba musu."

Ya ce, "Awo, na jiya." Ya ci gaba da ɗinki. Can ya ce akwai kifayen da yake kamawa da ƙuruciya waɗanda ya manta rabon da ya gan su, tun da aka datse ruwa can sama ambaliya ta rage zuwa. Babu wanda ya yi musu sallama, kawai dai an wayi gari ba su. Ya ce zai zo, ba don ya yarda abin zai yiwu ba, sai don kada in shiga laka ni kaɗai mutane su ce 'yarsa ta zautu.

Shugabar makarantarmu wata dattijuwa ce Kirista, daga wajen Filato aka kawo ta tun zamanin tsohuwar jiha. Da na nemi izinin fita da manyan ɗalibai ranar Asabar, ta cire tabarau ta dube ni.

Ta ce, "Malama, ni ban ji ba, ban gani ba. Amma ki dawo mini da 'ya'yan mutane kafin azahar."

Ranar Asabar tun hantsi bai ɗaga ba muna bakin ruwa. Ƙarshen rani ne, tabkin ya janye sosai. Baba ya zo da abokan sana'arsa, suka shiga da homa. 'Yan mata suka ɗaure zannuwa suka jeru, ana miƙa bokiti daga hannu zuwa hannu har bakin a-kori-kurar da na yi haya. Mun cika duro-duro da ruwan tabkin, muka zuba gargaza da kurungu da tarwaɗa. Muka tono saiwar bado da lakarta muka sa a kwanduna. Kififiya muka sa a buhu. Gaiwa ta riga ta shige laka ta naɗe kanta tana jiran damina, sai da aka haƙa aka ciro dunƙulen ƙasar gaba ɗaya. Direbobin tifar da aka kawo don cike tabkin suna zaune a inuwa suna kallonmu. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce ko biki za a yi. Wata ɗalibata, laka har wuya, ta ce masa, "Ƙaura ake yi, ku kuka kore su." Ban tsawata mata ba.

Na mai da yara makaranta, ni da Baba muka hau motar. Da muka wuce Ambursa taya ta fashe. Direba ba shi da ta canji mai kirki, sai da ya tari wata mota ya koma neman faci. Muka zauna a gefen hanya, rana ta take. Na tsoma hannu a duro na ji ruwan ya yi ɗumi kamar na wanka. Muka karyo ganye muka rufe, na riƙa kwarfar ruwan da ƙwarya ina zubawa don iska ta shiga. Duk da haka gargaza suka fara tasowa sama suna buɗe baki, sannan suka fara juyawa, farin cikinsu a sama. Na riƙa tsamo su ina jefarwa, ina hawaye ina zagin tayar, ina zagin tifa, ina zagin jan fenti. Baba bai hana ni ba. Ya cire rawaninsa ya jiƙa ya lulluɓe buhun kififiya.

La'asar ta yi kafin mu isa fadamar Argungu. Abin da ya rage da rai muka sake shi a tabkin gonar Baba. Na dasa bado da hannuna a gefen da na ga ya fi laka.

Duk ƙarshen mako nakan hau mota in je dubawa. Gargazar da ta isa da rai ba ta daɗe ba. Tarwaɗa ta zauna, amma dama akwai tarwaɗa a can, ba wani abu na ƙara ba. Bado ya yi ganye kaɗan ya ruɓe, ƙasar wurin yashi ya yi mata yawa. Kififiya suka fice suka kama gabansu, aka tsinci ɗaya a kan hanya mota ta taka ta. Gaiwa ban san abin da ya same ta ba, damina ta zo ruwa ya rufe wurin. Tsuntsaye kuwa dama ba su shiga duro. Haka ƙananan halittun da ke cikin laka, waɗanda ban san sunansu ba balle in san wa ke cin wa. Sai a lokacin na gane da idona abin da na sha rubutawa a allo: ban ɗauko tabkin ba, 'yan gutsattsarinsa na ɗauko, kuma kowanne da abin da ya dogara da shi wanda na baro a baya.

Kafin ruwan farko ya sauka an gama cike tabkin Gwadangaji. Ina jin ƙarar tifa daga tsakar gidana, na ƙi rufe taga.

Yaya ya samu labari, ya zo gidanmu da kansa. Na ɗauka faɗa zai yi, sai na ga fuskarsa a sake.

Ya ce, "Malama, ashe kin yarda da maganata. Abin da nic ce za a yi, shi kinka yi. Kin ga gida zai rushe, kin kwashe su kin kai wani wuri."

Na ce, "Na kwashe su, Yaya. Daga nan zuwa Argungu, rana ɗaya, iska ɗaya, kogi ɗaya. Je ka tambayi Baba abin da ya saura."

Ya ce, "Gwajin farko kullum haka yake. Ke duro gare ki da tsohuwar taya. Su suna da ilimi da kayan aiki, za su koya."

Na ce, "Su koya, Allah ya ba su sa'a, ni ma ina so in ga ranar. Amma kada a cike tabki kafin su koya. Ku kun riga kun rushe gidan, sabon kuwa ko tubalinsa ba a buga ba."

Ya ce mutanen da ke ɗakin ajiya ba za su jira ba. Na ce na sani. Muka rabu a haka, ba wanda ya janye. Har ya bar duniya yana kan ra'ayinsa, ni ma ina kan nawa, kuma bai taɓa fasa aiko wa 'ya'yana kayan sallah ba.

Abin bai tsaya nan ba. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta taka fasasshiyar kwalba a laka ranar da muka kwashe tabkin, ƙafar ta kumbura, mahaifinta ya kai ƙara sama. Na je gidansu na duba ta, na ba iyayenta haƙuri a kan ciwon, don wannan haƙƙinsu ne. Amma daga ofis aka ce in rubuta cewa fita da ɗalibai zuwa tabki kuskure ne, kuma ba zan sake ba. Shugabarmu ta kira ni ta ce in rubuta layi biyu kawai a wuce wurin, ita za ta san yadda za ta yi da sauran.

Na ce, "Mama, ciwon ƙafar na ɗauka. Amma ba zan sa hannu a kan cewa nuna wa yara ruwan garinsu laifi ne ba."

Ta ce, "Za su ɗauke ki daga nan."

Na ce, "Su ɗauke."

Aka mai da ni wata makarantar ƙauye a bayan Argungu, inda ba wanda ke son zuwa. Na yi zaton maigidana zai ce in bi ta hannun Yaya a soke. Da daɗewa yana jin nauyin abin da na yi a zaure. Amma ranar da takardar ta zo, ya karanta ya ninke, ya ce ya riga ya faɗa wa Yaya kada ya sa baki, don ya san ba zan gode masa ba. Shi ya ɗaure mini kaya, ya riƙa zuwa duk Juma'a da yamma a kan babur.

Gidajen an gina su, kuma sun yi kyau. Akawun nan na ɗakin ajiya ya samu ɗaya. Na taɓa shiga suna a unguwar, na zauna a kan siminti na ci shinkafa, na san a kan me nake zaune. Yaran da aka haifa a wurin ba su san an taɓa yin ruwa a nan ba.

A ƙauyen da aka jefa ni ma akwai tabki, ya fi na Gwadangaji girma. Bayan 'yan shekaru aka fara raɗe-raɗin za a yi tashar mota da rumfunan kasuwa a bakinsa. Wannan karon ban nemi duro ba, kuma ban jira turaku ba. Na bi gida-gida. Na je wurin matan da ke tsinkar bado suna sayarwa, na je rugar Fulanin da ke shayar da shanu a wurin, na je wurin masu yin tubali da masu kamun kifi da rani. Na ce musu idan suka yi shiru za a ce tabkin ba na kowa ba ne. Da yawa sun ji tsoro. Wata tsohuwa mai sayar da bado ta ce ita ba ta san hanyar ofis ba, amma ta san hanyar tabki, kuma tana da tabarma.

Ranar da masu awo suka zo, sun tarar da mu zaune a kan hanyar da za su bi. Mata da tabarmi, Fulani sun jingina da sanduna, shanu na kiwo a bayansu. Ba mu yi ihu ba, ba mu taɓa kayan kowa ba. Shugabansu ya tambayi wa ke magana da yawunmu. Na miƙe. Ya ce ya san labarina, an ce ni ce malamar da ke rigima a kan kwaɗi. Na ce ni ce, kuma yau na zo da masu kwaɗin.

Aka yi ta kai da kawowa tsakanin mai gari da ƙaramar hukuma har damina ta wuce. A ƙarshe aka raba: aka cike gefen da ba shi da zurfi aka yi tasha, aka bar mai zurfin. Mutane suka zo yi mini barka. Na karɓa, amma na faɗa musu rabi aka ƙwace mana, kuma a wancan gefen ne kifi ke zuba ƙwai. Washegari na tafi da ɗalibaina muka dasa geza da ciyawar burugu a bakin abin da ya rage, don kada ƙasar tasha ta zubo ciki. Masu motoci suka yi ta tuge su don su samu wurin wankin mota, mu kuma muka yi ta mayarwa, har suka gaji suka koma wanki a bakin rijiya.